"He" ɗin nan wa yake wakilta?

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni me ya sa na ja jan biro a kan yarjejeniyar keken da ka buga, alhali kwamfuta ba ta ja layi a ƙarƙashin ko kalma ɗaya ba. Na ga ranka ya ɗan sosu, ga shi an kira magariba, shi ya sa na ce ka bari sai da safe. To zauna, ɗauko takardar.

Ga abin da ka rubuta: "The owner gave the rider the tricycle and he shall pay for repairs." Maza biyu ne a jimlar nan, mai keke da direba. "He" ɗin na wane ne a cikinsu? Kai ka san direba ake nufi, don a gabanka aka yi maganar. Amma ba don yau ake rubuta yarjejeniya ba, don ranar da inji zai buga ne, wata 8 ko shekara nan gaba, lokacin da kowannensu zai ɗora yatsa a kan wannan kalma ya rantse cewa ɗan'uwansa ake nufi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 takardun a-daidaita-sahu suka yawaita a teburin nan, kuma na sha ganin aminai sun ɓata a kan baƙaƙe biyu. Gyaran ba wuya: "the rider shall pay". Ka maimaita sunan ko sau goma ne. A takardar kuɗi maimaici ba aibi ba ne.

Kalmomin nan su malaman nahawu ke kira wakilin suna, kuma sunan ya dace. Ka sha zuwa ɗaurin aure. Liman ba ya fara komai sai ya san wane ne waliyyin amarya, wane ne wakilin ango. Wakilin da ba a san wanda ya aiko shi ba, ba a ɗaura komai da bakinsa. Haka "he", "she", "it" da "they" suke a jimla: dole mai karatu ya waiwaya ya ga mutum ɗaya tak da suke tsaya wa.

Yawancin tuntuɓen da muke yi, Hausar da ke cikin kanmu ce ke jawo shi, kuma wannan ba abin kunya ba ne, abin lura ne. Mu ba ma cewa "mahaifina rasu", sai "mahaifina ya rasu". Wannan "ya" ɗin kullum yana gaban aikatau kamar zagi a gaban dokin sarki, ko an ambaci suna ko ba a ambata ba. Turanci ba shi da zagi. Idan suna ya zo, wakili ya koma gefe. Shi ya sa a takardar rantsuwar da za a kai babbar kotu a sakatariyar Audu Bako ba a rubuta "my father he died", sai "my father died". Na gyara maka wannan sau biyu a makon jiya.

Sai bambancin mai yi da wanda aka yi wa. Wannan muna da shi: "na gan shi", "ya gan ni". A Turanci masu aikatawa su ne "I", "he", "she", "we", "they". Waɗanda aiki ya faɗa wa kuma "me", "him", "her", "us", "them", kuma su ne ke biyo bayan ƙananan kalmomi irin "to", "for", "with", "between". Inda ake rikicewa shi ne in mutum biyu suka haɗu. Wani ya zo ya ce shi da yayansa suka sayi shago a Kantin Kwari. Dabarar da maigidana ya koya mini ita ce ka cire yayan tukuna ka saurari jimlar. Ba za ka ce "me bought" ba, don haka "my brother and I bought the shop". Ba kuma za ka ce "belongs to I" ba, don haka "the shop belongs to my brother and me". Shi "I" kullum da babban baƙi ake rubuta shi, ko a tsakiyar layi ne. Kan takardar nan da kake bugawa kusan kullum, "To whom it may concern", wannan doka ce ta sa aka ce "whom", saboda "to" na gabansa.

A kan "you" kuwa, Hausa ta fi Turanci wadata nesa ba kusa ba. Muna da kai, muna da ke, muna da ku, har mukan ce wa dattijo ɗaya "ku" don girmamawa. Su duk kalma ɗaya ce. Da can suna da "thou" da "thee" na mutum ɗaya, za ka gan su a tsofaffin fassarorin Alƙur'ani na Turanci, amma sun fita daga maganar yau da kullum tun ɗaruruwan shekaru. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, in mai gida ya ce a rubuta wa 'yan haya uku takardar tashi, "you" kaɗai ba ta isa ba, don ɗaya zai ce ai da maƙwabcinsa ake. Rubuta "all of you", ko ka jero sunayensu.

Mu komai namiji ne ko mace: gida shi, mota ita, rana ita, wata shi. Su kuwa abin da ba mutum ba "it" ne, don haka keken nan "it", ba "he" ba. Akwai ma "it" da ba ta wakiltar kowa, kamar "it is raining", inda mu za mu ce ana ruwa. Ka kuma kiyaye "its" na mallaka da "it's" mai ɗan waƙafi a sama, wanda yawanci gajeren "it is" ne. Kwamfuta ba kullum take kama wannan ba, tunda duka biyun kalmomi ne na gaskiya.

Mallaka ita ce wadda nake so ka fi natsuwa a kai, saboda takardun gado. Mukan ce nasa da tasa, nata da tata, muna duba mai abu muna kuma duba abin. Bature mai abu kaɗai yake dubawa. Gidansa da motarsa duk "his", gidanta da motarta duk "her". Wata rana wani yaro da ya zauna a kujerar da kake kai ya buga wa wata bazawara "his husband", wai ai miji namiji ne. Baiwar Allah ba ta iya karatun boko ba, ta biya ta tafi, sai washegari ta dawo tun daga Kurna da 'yarta goye, an ce mata a sake. Kuɗin motarta ni na biya, kuma har yau in na tuna ba na jin daɗi. "Her husband", "her share". In kuma abin ba a ambace shi ba, sai "mine", "yours", "hers", "ours", "theirs", babu waƙafi a ko ɗaya.

Sauran ba za su wahalar da kai ba. Wannan da wancan "this" da "that", waɗannan da waɗancan "these" da "those", don haka "these goods". Wanda, wadda da waɗanda duk "who" ne in mutane ne, "which" in kaya ne, "that" kuwa tana shiga wa duka biyun a wurare da yawa. Juna "each other". Kaina da kansa "myself" da "himself", kuma kada ka sa "myself" a gurbin "I" don takarda ta yi kwarjini, ba aikinta ba ke nan. "Everyone" tilo ne kamar yadda muke cewa kowa ya sa hannu: "everyone has signed".

Yanzu ka ɗauki biro ka bi yarjejeniyar daga sama. Duk inda ka ci karo da "he", "him" ko "they", ka zagaye shi ka tambayi kanka da Hausa, wa? In amsa ta zo biyu, cire shi ka sa suna. Akwai wani "they" a layi na 6 da ban taɓa ba, na bar maka ka gano da kanka ko shaidu yake nufi ko masu yarjejeniyar. Mai keken zai dawo bayan azahar da shaidunsa biyu. Ka fitar da kwafi uku ka kawo mini, sannan kai za ka karanta musu da Hausa kafin kowa ya sa hannu.