Amsoshin tambayoyinku: abin da ke matsuwa da wanda ba ya matsuwa

Wani malamin kimiyya daga Funtuwa ya rubuto yana cewa: "Malam, ina so in gaya wa ɗalibai cewa ana iya danne iska ta rage girma, amma ruwa da dutse ba a iyawa. Na rasa kalma guda da za ta ɗauki wannan."

Ai kalmar tana bakinka, Malam, ba ka dai lura ba. Ka ce iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, shi ke nan. Aikatau mai ƙarewa da -u aikinsa ke nan tun kaka da kakanni: tuwon nan ba ya ciyuwa, motar ba ta gyaruwa, hanyar ba ta biyuwa da damina. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda masu fassara suka yi watsi da wannan gado. Sai ka ji a rediyo ana cewa "ba abu ne da za a iya matsa shi ba". Kalma goma a inda uku suka wadatar! Kuma dubi yalwar dangin kalmar: ka matsa lemo, ka matse shi in ka tatse ruwansa kaf, ka ce wa yaro ya matso, mutum kuma ya matsu in babu ta kama shi ko fitsari ya cika masa mara.

In kana neman misali, je tasha. Ɗan kamasho yana ta "a matsa, a matsa". Muddin akwai fili tsakanin fasinjoji, za a matsu. In cinya ta haɗu da cinya, ko ya shekara yana ihu ba inda za a je. Ba fasinjan ne ke ƙanƙancewa ba, filin da ke tsakani ne ke ƙarewa. Haka ƙwayoyin abu suke, wato 'yan mitsi-mitsin ɓarɓashin da suka haɗu suka yi kowane abu (kada ka ce musu ƙwayoyin halitta, wannan na masu nazarin rayayyu ne). A cikin iska, tazarar ƙwaya da ƙwaya ta kai kusan ninki 10 na faɗin ƙwayar kanta. A ruwa sun riga sun haɗa jiki, sai dai suna zamewa a kan juna. A ƙarfe ko dutse kuwa kafaɗa da kafaɗa suke, kamar sahun salla, kowa a gurbinsa.

Ka sami sirinji, ka cire allurar, ka toshe bakin da babban yatsa, ka ba yaro ya danna. Da iska a ciki zai kai rabi ba wuya. Wannan shi ne abin da masanin kimiyya Robert Boyle ya wallafa a 1662: in aka ninka matsi, girman iska ya koma rabi, muddin zafi bai sauya ba. Ka zuƙo ruwa, ka ce ya sake dannawa, sai ya ga kamar bango yake turawa. Don kada wani ya kama ni da ƙarya, ruwa yana ɗan matsuwa. A ramin Mariyana da ke tekun Fasifik, mai zurfin kusan kilomita 11, matsi ya haura ninki 1,000 na wanda muke ciki, amma ruwan bai ragu da fiye da kusan kashi 5 cikin 100 ba. Bakanike ya san wannan bambanci na iska da ruwa ba tare da ya shiga aji ba: in ya ce iska ta shiga birki, nufinsa ƙafarka iska take matsawa, ƙarfin ba ya isa taya.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta ce: "To auduga da katifa fa? Ai ba ruwa ba ne, ba iska ba, kuma suna matsuwa."

Iskar da ke tsakankaninsu ce ke fita, 'yata. Shi ya sa mai awo ba ya son ki danna garin da ke cikin mudu.

Wani kuma yana neman ma'anar "matsi shi ke sa kalangu zaƙi".

Makaɗi yana saƙale kalangu a hammata, in ya matse igiyoyin sai fatar ta ɗame, murya ta hau, in ya sassauta ta sauka. Ana faɗinsa ga wanda ba ya fito da gwanintarsa sai an takura masa. Na taɓa jin wani ya ce "matsi ke sa ganga zaƙi". Wace gangar ce ake matsawa a hammata? Malamin Funtuwa kuma kada ya ɗauki wannan ya kai aji, don fatar kalangu miƙewa take yi, ba tsukewa ba.

Wata uwargida daga Zariya: "Don me ake cewa iskar gas, alhali in na girgiza tukunyar motsin ruwa nake ji?"

Kunnenki bai yi ƙarya ba, Hajiya. An matsa ta ne har ƙwayoyin suka haɗa jiki ta zama ruwa, girmanta ya ragu kusan sau 250. Da kin buɗe, ta sami fili, sai ta koma iska. Ba a cika tukunyar maƙil saboda ruwan yana kumbura in ya ji zafi.

Na ƙarshe ya ce: iska ta kaɗa ko iska ya kaɗa?

Duka biyun ana ji. Ni dai "ta" nake cewa.