Ni na ce rana ta dusashe kawai, shi ya ce har taurari ya gani: wa ke da gaskiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Kano. A shekarar 2006 da aka yi husufin rana ina ɗan sakandare, abin da na gani shi ne gari ya yi duhu-duhu kamar hadari ya taso, sai kuma ya washe. Amma wani ɗan baffana da ke Katsina har yau yana rantsuwa cewa su dare ne ya yi musu da hantsi, har kaji suka nufi akurki, aka ga tauraro. Mun daɗe muna wannan gardama. Shin ƙari yake yi? Sannan ina son in fara bibiyar husufi tare da ɗalibaina, amma ba ni da na'urar hangen nesa. Kwanon ruwa da muke kallo a ciki muna yara ya wadatar?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ka je ka ba ɗan'uwanka haƙuri, domin bai ƙara ko gishiri ba. Kai ma ba ƙarya ka yi ba. Rana ɗaya kuka kalla, amma ba abu ɗaya kuka gani ba, kuma ni shaida ne, don a Katsina na tsaya a wannan Laraba, 29 ga Maris 2006, ƙarshen watan Safar.

Husufin rana yana faruwa ne idan wata ya gitta tsakaninmu da rana, inuwarsa ta sauka a doron ƙasa. Rana ta ninka wata girma kusan sau 400, amma kuma ta fi shi nisa da mu kusan sau 400, shi ya sa a ido suke zuwa kai ɗaya, har ƙaramin ya iya rufe babbar ruf. Sai dai inuwar nan iri biyu ce. Akwai mai faɗi, wadda ke lulluɓe ƙasashe da dama, inda ake ganin an gutsure gefen rana kawai. Akwai kuma baƙar inuwa ta tsakiya, siririya, wadda a ranar faɗinta bai kai kilomita 200 ba, tana kuma gudu fiye da kilomita 2,000 a awa. Ta taso daga gabashin Brazil, ta ƙetare teku, ta hau tudu a Ghana, ta bi ta Togo da Benin, ta shigo Najeriya ta wajen Shaki a jihar Oyo, ta ratsa Gusau da Katsina, ta faɗa Maraɗi, sannan ta nausa hamada zuwa Chadi da Libiya da Turkiyya. Kano tana gefen hanya, inuwar ba ta taka ta ba. An rufe muku mafi yawan rana, amma ɗan siririn da ya rage ya isa ya hana dare yi.

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. Suna zaton wanda aka rufe masa kashi 95 cikin ɗari ya ga kusan duk abin da na ciki ya gani. Ko kusa. Hasken rana yana da ƙarfin da ko kashi ɗaya ne ya saura, sararin sama ba zai yi duhun da za a ga abin da ke kewaye da ita ba. Wanda ya tsaya a ƙofar gidan biki ya ji ƙamshi, bai ci tuwo ba.

Bari in gaya maka abin da na rubuta a littafina a ranar. Wajen ƙarfe tara da 'yan mintuna aka fara cin gefen rana, ba wanda zai lura in ba da tabarau na musamman ba. Kusan awa guda babu wani abin a zo a gani. Daga nan sai haske ya canza launi, ya koma fari-fari kamar na tsohuwar fitilar kwano, inuwar mutum a ƙasa ta yi kaifi har kana iya ƙirga gashin hannunka a cikinta. Zafin bazara ya sassauta, wata iska mai sanyi ta kaɗa. Ƙarƙashin bishiyar bedi, kamar yadda Katsinawa ke kiran dalbejiya, ɗigon hasken da ke ratsa ganye duk suka zama 'yan jinjirin wata, ɗaruruwa, zube a ƙasa. Wajen goma da rabi sai duhu ya taho daga kudu maso yamma kamar an jawo bargo. Ɗigon haske na ƙarshe ya ƙyalla a gefe kamar dutsen zobe, ya mutu. Sai ga baƙin faifai a tsakiyar sama, kewaye da wani farin rawani mai gashi-gashi, wato iskar rana mai tsananin zafi da ba a taɓa ganinta da ido sai a irin wannan lokaci. Zara ta fito sarai. Gefen sama ko ta ina ya yi ja kamar almuru. Ba a cika minti huɗu ba. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda tun safe yake mana dariyar muna ɓata lokaci, salati kawai yake yi, hannunsa na rawa.

Kuskurena a ranar, na kashe kusan rabin mintunan ina kokawa da kyamara, hotunan kuma ba wanda ya fito. Har gobe ina jin haushin wannan.

To, kwanon ruwa. Malam, don Allah kada ka bar yaro ko ɗaya ya yi haka. Ruwa yana rage hasken, amma bai rage shi yadda zai zama lafiya ga ido ba. Haka baƙin tabarau na kwalliya, da fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, da gilashin da aka shafa wa baƙin hayaƙi, da faifan CD. Haɗarinsu shi ne suna kashe ƙyallin da ke sa ka kawar da kai, sai ka daɗe kana kallo, hasken kuma yana ƙona tantanin da ke can bayan ido inda hoto ke sauka. Wannan tantani ba ya jin zafi. Sai bayan wasu awanni mutum ya ga wani tabo ya tsaya a tsakiyar duk abin da ya kalla, wani ya warke, wani ya zauna da shi. Abin da aka amince da shi shi ne tabarau na husufi mai ɗauke da lambar ISO 12312-2, ko gilashin masu walda mai lamba 14. Ka lura, yawancin gilashin da ake aiki da shi a shagon walda bai kai wannan lamba ba, sai ka duba. Kuma ko da tabarau a fuskarka, kada ka leƙa rana ta cikin madubin hangen nesa, don yana tara haske kamar yadda gilashin ƙara girma ke kunna takarda.

Ga ɗan aji kuwa, hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar ko sisi. A juya wa rana baya. A huda kwali da allura, a bar hasken ya sauka kan farar takarda, za a ga surar rana da gutsurarren gefenta. Matsamin taliya ma yana yi, kowace huda da ranarta. Wadda na fi so ita ce ta madubi: ka rufe ɗan ƙaramin madubi da takarda, ka bar huda kamar girman ƙwayar gyaɗa, ka harba hasken cikin aji ko zaure mai duhu. Faifan rana zai fito a bango, yara arba'in su kalla tare, ba wanda ya ɗaga kai sama. Lokaci ɗaya tak ake kallon rana da ido tsirara, shi ne 'yan mintunan da ta rufe gaba ɗaya, ga wanda ke cikin baƙar inuwa. Da zarar gefe ya ƙyalla, a sunkuyar da kai.

Ni dai shawarata, ka fara da husufin wata. Ba ya cutar da ido, ba ya buƙatar tafiya, duk wanda wata ya fito masa a daren zai gani, kuma yana ɗaukar awanni. Nan duniya ce ke shiga tsakani, inuwarta ta faɗa kan wata, don haka ba ya faruwa sai daren sha huɗu ko sha biyar, kamar yadda na rana ba ya faruwa sai ƙarshen wata. Ɗalibanka za su tambaye ka me ya hana a yi kowane wata, tunda kowane wata yana da tsakiya da ƙarshe. Amsar ita ce hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar da rana ke bi a sama, saboda haka yawanci yakan wuce ta saman inuwar ko ta ƙasanta. Sai kusan bayan kowane wata shida hanyoyin ke daidaita.

Muna yara a unguwarmu, da an ce rana ta kama wata sai mu ɗauko gwangwanaye da tsofaffin kwanuka mu bi layi muna kaɗawa, wai sai ta sake shi. Kullum kuma sai ta sake shi, mu koma gida muna ganin aikinmu ne. Manya kuwa alwala suke yi. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, sallar husufin rana raka'a biyu ce cikin jam'i, kowace raka'a da ruku'u biyu, ta wata kuma kowa ya yi nafilarsa. Sananne ne cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana a Madina, mutane suka danganta shi da rasuwar, Manzon Allah ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ban taɓa ganin sanin lokacin husufi ya rage wa kowa tsoron Allah ba. Dattijon nan na Katsina ya san ƙarfe nawa za a yi, rediyo ta faɗa tun mako guda.

Abin da ke riƙe mutum shekara da shekaru a kallon husufin wata shi ne ba biyu da suke kama. Wata ba ya ɓacewa, ja yake yi, saboda iskar da ke kewaye da duniya tana lanƙwasa jan haske ta jefa shi cikin inuwar. Yadda iskar take a shekarar, haka launin zai kasance. Na daren 9 ga Disamba 1992, cikin sanyin hunturu, wata ya yi baƙi ƙirin har da ƙyar nake gano inda yake. Sai daga baya na san dalili: dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin da ya yi aman wuta a 1991 ya cika sararin sama da ƙura. Na 27 ga Yuli 2018 kuwa, wanda ya fi kowane daɗewa a wannan ƙarni, awa ɗaya da minti 43 wata yana cikin inuwa gaba ɗayansa, ja kamar garwashi, ga jan tauraron Mirrihu a gefensa. Damina ce, gajimare ya yi ta mana rowa, amma ya buɗe sau biyu. Masu wannan sha'awa suna ba duhun maki daga 0 (mafi duhu) zuwa 4 (mafi haske), ma'aunin wani Bafaranshe mai suna Danjon. Ka sa kowane yaro ya ba da nasa makin, ya zana abin da ya gani duk bayan minti goma, ya rubuta lokaci. Littafi mai warwar ashirin da fensir da agogo sun fi maka na'ura amfani a shekarun farko.

Da littafin ne ma za ka gane cewa husufi yana da dangi. Bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa 8, kusan irinsa yakan dawo, sai dai awa takwas ɗin nan tana sa duniya ta ƙara juyawa, ya sauka can yamma. Namu na 2006 shi ne ya koma Meziko da Amurka da Kanada a 8 ga Afrilu 2024, ƙarshen azumi. Wuri guda kuwa, a matsakaicin lissafi, yakan jira sama da shekara 300 kafin baƙar inuwa ta sake taka shi. Don haka wanda ke son gani, shi ke bin ta.

Ga ranakun da za ka sa a bangon aji. A 6 ga Fabrairu 2027 akwai husufin zobe, irin wanda wata ke nesa har ya kasa rufe rana duka, zai bi gaɓar teku ta Accra da Lome da Kwatano zuwa Legas dab da faɗuwar rana, kuma shi ba a cire masa tabarau ko na daƙiƙa. A 2 ga Agusta 2027 cikakke zai ratsa Maroko da Libiya da Masar, inda zai wuce minti shida a Luxor, ya bi ta Jidda da Makka. Mai niyyar Umara a shekarar ya duba wannan rana. Mu a Arewa gefe kawai za mu samu, in hadarin Agusta ya bari. Husufin wata na daren 20 ga Disamba 2029 zai zo da rani, wata yana tsakiyar sama, wannan na ɗalibanka ne. Sai babban, 20 ga Maris 2034, da hantsi: baƙar inuwa za ta shigo ta Legas da birnin Benin, ta ratsa Najeriya zuwa arewacin Kamaru da Chadi. A wannan karon ma Kano tana gefe, Katsina ma haka. Sai ku shiga mota ɗaya kai da ɗan baffan naka, ku yi kudu.