Amsa ga mai son buɗe akawun da hoton AI

Salam ɗan'uwa. Ka ce kana so ka buɗe akawun da fuskar mace ta AI ka riƙa tallan kayanka, kuma tunda ba hoton kowa ka sata ba kake tambaya ko akwai yaudara a ciki.

Na daɗe ina admin, ni ke tace masu neman shiga gurup, kuma irin fuskokin nan tun 2019 muke fama da su, lokacin da aka buɗe shafin thispersondoesnotexist, duk sabuntawa sai ya cillo maka fuskar wanda ba a taɓa haifa ba. A ƙarshen 2019 ɗin Facebook ya rufe ɗaruruwan akawun na bogi, wasunsu masu irin hotunan. Da can gane su ba wuya, idanu kullum a wuri guda, ɗan kunnen dama daban na hagu daban, bayan hoton duk a dame. Yanzu kam sai dai Allah ya kyauta, har bidiyo da murya suke yi, ni kaina na daina dogara da ido, tarihin akawun nake bi da su waye ke mata komen.

To ni a ganina hoton shi kaɗai ba laifi ba ne. Akwai Aitana Lopez da wani kamfani a Barcelona ya ƙirƙira a 2023, tana talla, ba a ɓoye cewa AI ce ba, wanda ya bi ta da saninsa ya bi. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da za ka sa a bakin macen AI ɗin taka. Ranar da ta rubuta "na shafa man nan wata biyu fatata ta yi sumul", alhali ba ta da fata balle ta shafa, wannan shaidar zur ce, kuma mai sayen saboda maganar ya fitar da kuɗinsa.

Sannan inbos, wallahi nan ne ake zamewa. Maza za su shigo da "barka da dare gimbiya", kai kuma don kar kwastoma ya gudu sai ka biye musu, yau gaisuwa gobe hira, jibi wani ya fara faɗa mata sirrin gidansa yana turo kyauta. Na ga wanda aka yi wa haka a gurup ɗinmu, ba kuɗin ne ya fi ci masa rai ba, kunyar ce, fita ya yi bai ko yi sallama ba.

In za ka yi, rubuta a bayo, wato bayanin da ke saman akawun, ƙarara cewa hoton AI ne, kar ta ce ta gwada komai, kuma ka amsa saƙo da sunan kasuwancinka. Meta ma tun 2024 take liƙa wa hotunan AI alama, in ka ɓoye wataƙila su tona ka. Hoton kayan kuwa ka ɗauka da wayarka yadda suke.