Ƙasƙanta da Ƙanƙanta: Ina Bambancinsu?

Tambaya: Malam, daidai ne a ce "an ƙasƙantar da farashin shinkafa"?

Amsa: A'a, farashi rage shi ake yi. "Ƙasƙanta" daga "ƙasa" take, kuma daraja take taɓawa: "ya ƙasƙantar da ni a gaban surukaina", wato ya zubar mini da mutunci. Daga nan aka sami "ƙasƙanci" da "ƙasƙantacce".

"Ƙanƙanta" kuwa 'yar'uwar "ƙanƙane" ce, raguwar girman abu take nufi: "rigar ta ƙanƙance".

Kula da "da". In an ambaci wanda aka yi wa, sai a ce "ya ƙasƙantar da Audu". "Ya ƙasƙantar Audu" kuskure ne. Abin sha'awa, da an ce "ƙasƙantar da kai", zagi ya koma yabo, don tawali'u ake nufi.