Amsa ga Alhajin da ke tambaya kan bizar masu ritaya ta Tailan

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka: ka ajiye aiki kana da shekara 58, ka taɓa zuwa Bankok neman lafiya, garin ya kwanta maka, yanzu kana so ka san ko kuɗin sallamarka da fanshonka za su isa ka samu bizar masu ritaya kai da Hajiya. Ni ina zaune a can da irin wannan izini tun 2019, bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Maganar shekaru ba ta shafe ka ba, tunda 50 suke nema. Inda aikin yake shi ne kuɗi. Ko dai ka nuna bat (kuɗin Tailan) 800,000 a ajiye, ko ka nuna bat 65,000 suna shigo maka kowane wata, ko ka haɗa biyun su kai 800,000 a shekara. A nan nake so ka nutsu sosai, Alhaji, domin fanshonmu da naira ake biya, su kuma ma'auninsu da bat yake, ba ya motsi don kuɗinka ya faɗi. Bat 65,000 ya kusa dala 2,000. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda fanshonsa ke rufe masa wannan sharaɗi jiya, ya wayi gari ko rabi bai kai ba, alhali ba a rage masa ko kwabo ba. Na san wani dattijo ɗan gida da ya tattara ya koma saboda haka kawai, kuma rabuwarmu ta taɓa ni ƙwarai. Don haka shawarata, kada ka ɗora zamanka a kan fansho. In ba za ka iya ware 800,000 ɗin ka manta da su ba, ka jinkirta.

Na ce ka manta da su ne saboda kuɗin ba naka ba ne yadda ka saba. Idan za ka sabunta izini a cikin ƙasar, dole su kwana wata biyu a asusun bankin Tailan mai sunanka kai kaɗai kafin ka miƙa takarda, su ƙara wata uku bayan an ba ka, sauran shekarar kuma kada su gaza 400,000. A shekarata ta biyu aka cire mini wani ɗan caji, kuɗin suka sauko ƙasa da 800,000 da abin da bai kai kuɗin shayi ba, kuma jami'ar da ta duba littafin bankin sai da ta gano shi. Na yi kwanaki ina zirga-zirga hankalina a tashe kafin Allah ya warware mini. Tun daga ranar nake ɗora 20,000 a kai.

Hanyar shiga biyu ce. Akwai biza mai suna O-A da ake nema daga gida ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja, shekara ɗaya ce, tana buƙatar takardar 'yan sanda cewa ba ka da laifi, da takardar likita, da inshorar lafiya, wadda aka wajabta tun ƙarshen 2019. Akwai kuma biza mai suna O ta kwana 90, wadda ake tsawaitawa zuwa shekara bayan ka shiga, a kan bat 1,900. Mu masu fasfo ɗin Najeriya ana ƙara mana da takardar NDLEA da katin rigakafin shawara, don haka ka fara da waɗannan, su suka fi cin lokaci. Hajiya, in ba ta kai 50 ba, za ta iya bin bayanka a matsayin iyali, amma sai da takardar aure wadda aka tantance. Shaidar ɗaurin auren masallaci kaɗai ba za ta wadatar ba.

Inshorar nan kada ka ɗauke ta a matsayin takardar cika sharaɗi. Kai da ka je neman lafiya ka san asibitocinsu masu zaman kansu suna da kyau, ka kuma san kuɗinsu. Kamfanoni kan cire ciwon da ka zo da shi, irin su suga da hawan jini, kuɗin kuma yana hawa duk shekara da ka ƙara. Ka tambayi nawa za ka biya a shekara 70 tun yanzu.

Bayan ka zauna, duk kwana 90 sai ka sanar da hukumar shige da fice adireshinka, in ka makara tarar bat 2,000 ce. Abin da ya fi cin mutane shi ne izinin dawowa. In ka fita Umara ko ka zo gida ta'aziyya ba ka yanke shi ba, izinin zamanka na shekarar duka ya mutu. Izinin fita sau ɗaya bat 1,000 ne, na fita da yawa 3,800. Ni na biyun nake yanka ranar da aka sabunta mini, domin kiran gida ba ya sallama. Bizar ba ta yarda da aiki ba, ko tsaron shago ne. Baƙo kuma ba ya mallakar fili, sai dai ɗaki a dogon bene, shi ma cikin kaso 49 da aka ware wa baƙi.

Ta fuskar addini ban taɓa shiga ƙunci ba. Bankok na da masallatai da yawa, ni nakan yi Juma'a a masallacin Haroon da ke unguwar Bang Rak, abincin halal kuma ba ya wahalar samu. Abin da ya yi mini nauyi shi ne kaɗaici: babu mai leƙowa da yamma, babu jikoki a tsakar gida, kuma mata sun fi jin wannan. Kafin ka sayar da ko ƙofar gidanka, ku zo ku yi wata biyu kai da Hajiya a gidan haya, cikin zafin Afrilu, ku yi cefane da kanku, sannan ka ji ta bakinta. Kada kuma ka ba dillalin da zai ce zai "ara" maka 800,000 fasfo ɗinka, domin in asiri ya tonu sunanka ne a kan takardar. In kun sa ranar zuwa ka sanar da ni, zan raka ka ofishin shige da fice na Chaeng Watthana ka ga layin da idonka. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.