Awa uku zuwa New York, awa goma sha biyu dawowa: tikitin ne ya yi kuskure?

Tambaya: Mahaifiyata za ta tashi daga Landan zuwa New York. Tikitinta ya nuna tashi ƙarfe 11:00 na safe, sauka 2:00 na rana. Dawowa kuma tashi 7:00 na dare, sauka 7:00 na safe. Ta yaya? Sannan ejan ya saya mata wani tikitin daban daga New York zuwa Atlanta, tashi ƙarfe 3:00, wai awa ɗaya ta isa. Ga ta da ciwon gwiwa, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malama, tikitin farko lafiyarsa ƙalau. Kowane lokaci da ke jiki agogon garin ne, kuma Landan ta riga New York da awa biyar. Ke nan zuwa awa takwas ne, dawowa bakwai. Nisa tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na JFK a New York kimanin kilomita 5,550 ne ko ta wane ɓangare. Abin da ya kawo bambancin awa guda ita ce iskar nan mai ƙarfi ta can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas: mai zuwa Amurka yana kokawa da ita, mai dawowa tana ingiza shi. A Fabrairun 2020 ta taɓa kai wani jirgin Boeing 747 na British Airways daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56.

Inda ya kamata hankalinki ya tashi shi ne tikiti na biyu. Wannan magana ta “awa ɗaya ta isa, ai jirgi zai jira” kullum sai na ji ta, kuma ta ishe ni. Jirgi ba ya jiran kowa. Ƙarfe biyun nan lokacin da ake sa ran jirgi zai tsaya a ƙofa ne, in iska da cunkoson sararin sama sun bari. Kafin Mama ta fito cikin ɗaruruwan fasinjoji an ci minti ashirin. A Amurka kuwa a filin farko da mutum ya sauka yake bin layin jami’an shige da fice, ya ɗauki jakarsa, ya bi ta kwastan, ya sake miƙa ta, a sake bincikensa. Wataƙila ma sai ta hau jirgin ƙasan cikin filin zuwa wani ginin. Ga shi ana daina karɓar kaya tun da sauran lokaci sosai. Matashi mai gudu ma ba zai sha ba, balle dattijuwa mai ciwon gwiwa.

Mafi muni, tikitin daban ne. Da a tikiti ɗaya aka haɗa tafiyar, in jirgin farko ya makara kamfani ne zai saka ta a na gaba. Amma a haka, a wajen kamfani na biyu ita fasinja ce da ba ta zo ba kawai. Kuɗin ya tafi, galibi har kujerar dawowarta daga Atlanta a soke. Shi ejan da ya karɓi ladansa yana gida yana barci.

Ki koma masa yau. Ko ya haɗa tafiyar a tikiti ɗaya, ko ya mayar da jirgin Atlanta zuwa bayan awa huɗu aƙalla. Ki kuma sa ya nema mata keken guragu a duka jiragen, kwana biyu kafin tafiya, ya nuna miki shaidar a rubuce.