Amsar Goggo a kan waƙa a gidan makoki

'Yata, saƙonki ya iso, sai da na kwana biyu kafin na iya amsawa. Kin ce ranar da aka binne ɗanki matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suna waƙa suna kaɗa tulu a tsakar gida, ke kuwa bakinki ya ƙi buɗuwa, kuma duk wanda ya ce miki "nufin Allah ne" ji kike kamar ki nuna masa ƙofa. Kina tambaya ko kin yi zunubi, kuma me ya kawo waƙa gidan makoki.

Ba ki yi zunubi ba. Waƙar nan ba ke ake jira ki yi ba. Don an san mai makoki ba ta iyawa, shi ya sa ake zuwa a yi mata.

Kin san abin da ya same mu a watan Oktoba na 2014, da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi suka kama hedikwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi. Da ƙafa muka bi duwatsu zuwa Kamaru, daga can muka zagayo Yola. Maigidana bai kai ba. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne, na yi wata huɗu ban yi addu'a ba. Ina dai zuwa sujada in zauna a bencin baya kamar kututture. Wata tsohuwa 'yar Michika takan zauna kusa da ni, ta buɗe littafin waƙoƙinta wanda ruwa ya cinye bangonsa, ta ɗora rabinsa a cinyata, ta yi ta rerawa. Ko sau ɗaya ba ta ce mini in yi haƙuri ba.

Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka yi zaune a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan. Sai da suka fara bayani suka ɓata rawarsu da tsalle, har Allah ya tsawata musu a sura ta 42 ta Littafin Ayuba. Ayuba da ya yi ta kai ƙara kuwa, shi aka ce ya yi musu addu'a.

Masu cewa "nufin Allah ne" ba mugunta suke nufi ba, gaggawa suke yi. Ni har gobe na gaskata Allah yana da shiri, ko da yake ban ga inda nawa ya dosa ba. Amma ki duba Yusufu: da bakinsa ya ce Allah ya nufi abin da alheri, bayan shekara fiye da 20. Ba wanda ya leƙa bakin rijiya ya faɗa masa.

In addu'a ta gagara, karanta Zabura 22 da ƙarfi. Farkonta ne Yesu ya faɗa a kan gicciye.

Ranar Asabar ina tafe da motar safe. Kada ki dafa komai, zan zo da tuwo. Kayan yaron kuma ki bar su inda suke, kada ki yarda a kwashe miki tukuna.